Wasiƙa Daga Glasgow: Kyamarar Ribas Da Ta Shanye Mana Batir

Na san na yi alƙawarin ci gaba da maganar neman gidan haya da muka faro, amma ku yi mini uzuri, wani abu ya sha gabana. Asabar ɗin da ta wuce, tun daga hantsi har bayan la'asar, ina kwance a ƙarƙashin gado a bayan wata mota, da tocila a baki, ina bin waya. Har yanzu wuyana bai saki ba.

Motar ta wata baiwar Allah ce a nan Glasgow wadda duk mu ɗalibai muke kira Anti. Ma'aikaciyar jinya ce, ta haura shekara 20 a ƙasar nan, kuma gidanta muke zuwa cin tuwo idan kewar gida ta taso. Bara ta tara kuɗinta ta sayi irin motar nan da Turawa suke mayarwa ɗakin kwana. Asalinta motar ɗaukar kaya ce, dangin Ford Transit da Fiat Ducato da kuke gani suna raba saƙo unguwa-unguwa, sai a zuba mata gado da ɗan kicin da firji da fitilu, wani lokaci har da faifan sola a kan rufi. Da Anti ta fara maganar mutane sun sha dariya, wai Bahaushiya da kwanan mota kamar direban tirela. Ita kuwa ta ce ta gaji da biyan kuɗin otal duk ranar da take son ganin wani wuri ban da gida da asibiti. A motarta tana da wurin salla, tana da tukunyarta, ba sai ta tsaya tambayar kowa ko naman nan na halal ne ba.

Aibin irin wannan mota ɗaya ne: ba ka ganin bayanka. Tsawonta ya kusa mita 6, ƙofofin baya ba gilashi, madubin tsakiya ma babu shi tunda ba abin da zai nuna sai gado. Madubai biyu na gefe suna nuna maka hagu da dama, amma abin da yake daidai bayan motar ba ya fitowa a ko ɗaya. A gida wannan aikin yaron mota ne, ya dira ya zagaya baya yana bubbuga bodi yana cewa zo, zo, tsaya. A nan ba ka da yaron mota.

Ranar babbar salla, bayan an sauko idi, Anti ta sa giyar ribas a wurin ajiye motoci, ta duba madubai, ta fara ja da baya. Sai ta ji wani mutum yana dukan gefen motar da dukan ƙarfinsa. Ta taka birki. Yaro ne da bai fi shekara uku ba ya tsugunna a bayan motar yana ɗaukar alewarsa da ta faɗi. Allah ya tsare, ko ƙwarzane bai yi ba. Amma Anti ta ce ta fi minti goma a zaune hannunta na rawa, ta kasa murɗa makulli.

Irin wannan haɗari ne ya sa wasu ƙasashe suka mayar da abin doka. A Amurka akwai dokar da aka sa wa sunan wani yaro ɗan shekara biyu, Cameron Gulbransen, wanda mahaifinsa ya taka da mota yana ribas a gidansu a 2002 bai gan shi ba. Daga watan Mayun 2018 duk sabuwar ƙaramar mota da za a sayar a can sai da kyamarar baya. Tarayyar Turai ma daga Yulin 2024 ta wajabta wa sababbin motoci kyamara ko na'urar da ke yin ƙara idan an kusa taɓa wani abu. Sai dai mu da muke sayen motocin hannu, dokar ba ta sa mana komai. Motar Anti ta 2016 ce, haka ta zo tsurarta.

A makon ta sayi kyamara da ɗan allonta a intanet. Wani ɗan'uwa a cikin jama'armu ya ce ai ba sai ta kai gareji ba, shi zai haɗa mata. Ya zo da yamma, ya yi awa ɗaya, ya ƙi karɓar ko sisi, aka ba shi abinci a kula ya tafi. Kyamara ta yi aiki. Aka yi ta sa masa albarka.

A watan Oktoba muka tafi arewacin Sikotland ni da ita, kwana huɗu. Akwai hanyar yawon buɗe ido da ake kira North Coast 500, ta tashi daga Inverness ta zagaye gaɓar teku ta dawo, mil 516. Mu ba duka muka yi ba, ɓangaren yamma kawai muka bi. A can ne na gane amfanin kyamarar sosai, domin hanyoyi da yawa faɗin mota ɗaya gare su, da 'yan wuraren kaucewa jefi-jefi. Idan kuka yi kiciɓis da wata mota, dole ɗayanku ya ja da baya zuwa wurin kaucewa, ga rami a gefe, ga tumaki suna kallonku.

Muka sauka a wani sansanin masu irin waɗannan motoci kusa da Ullapool, muka ajiye mota kwana uku ba mu tayar ba, muna yawonmu da ƙafa. Safiyar da za mu dawo, Anti tana da aikin dare a ranar, ta murɗa makulli. Sai ƙas, ƙas, ƙas. Ta sake. Shiru.

Ta juyo ta dube ni. "Ke 'yar nan, ba wutar sola kike karanta ba? Ga fitila a kunne, ga firji yana aiki, har wayata na caja da asuba. Ta ina za a ce ba wuta?"

Tambayar tana kan hanya, kuma amsarta ita ce gindin duk wannan labari. Irin wannan mota batir biyu gare ta. Akwai na gaba, wanda aikinsa tayar da inji. An yi shi ne ya ba da wuta mai yawa cikin 'yan daƙiƙu, da zarar inji ya tashi sai altaneta ta mayar masa da abin da ya bayar. Akwai kuma batirin ɗaki, wanda aka yi shi don a riƙa shansa a hankali tsawon dare, shi ke riƙe da firji da fitilu da famfo. Idan inji yana aiki duka biyun suna samun caji, idan aka kashe sai wata na'ura ta raba su, don kada shayin dare ya hana ka tashi da safe. A motar Anti faifan sola ma batirin ɗaki kawai yake ciyarwa. Saboda haka ɗaki yana ƙoshe, inji yana kwana da yunwa.

Wani dattijo Bature da ke maƙwabtaka da mu ya kawo wayoyinsa ya ba mu wuta daga motarsa. Muka kama hanya, awa biyar da wani abu, ba mu yarda mun kashe inji ba sai a gidan mai, a can ma gabana yana faɗuwa. Anti ta shiga aiki a makare, ba ta runtsa ba.

Ni fa karatuna a kan wutar sola ta ƙauyuka ne, kuma yawancinsa a kwamfuta nake yi. Na iya lissafi, amma ban taɓa kwance dashbod ba. Duk da haka na aro mitar gwada wuta, na ce bari mu gani. Na cire kan nagetif na batirin gaba, na sa mitar a tsakani, muka rufe ƙofofi muka jira kwamfutar motar ta yi barci. Motar da aka kashe bai kamata ta riƙa jan abin da ya wuce kamar amf 0.05 ba. Tata tana jan 0.45. Ku lissafa da ni: awa 72 sau 0.45 ya ba da 32 da 'yan kai. A jikin batirin an rubuta 80, amma wannan lokacin yana sabo ne. Tsohon batir, a cikin sanyin Oktoba, an zuƙe masa 32, sannan a ce ya juya injin dizal? A gari ba ta taɓa lura ba saboda kullum tana hawa, abin da aka sha da dare ana mayarwa da safe.

Na bi wayar kyamarar har inda ta samo asali. Ashe ɗan'uwan nan ya ɗauko wuta ne daga layin da ba ya mutuwa ko an zare makulli. Allon yana yin baƙi idan ba a ribas ba, shi ya sa kowa ya ɗauka a kashe yake, alhali kyamarar da ƙananan fitilunta na ganin dare suna kunne dare da rana tun daga babbar salla. Da na cire wayar, mita ta sauko 0.03.

Mutuwar batir ba ita ta fi tayar mini da hankali ba. Wayar ba ta da fis ko ɗaya. An feƙe ta, an murɗa ta a jikin wata, an naɗe da baƙin salatif wanda zafi ya riga ya saki. A baya kuma, ƙarƙashin gado, an zura ta ta wani ramin ƙarfe mai kaifi ba tare da robar kariya ba, kuma girgizar hanya ta ci rigar wayar har ana hango jan ƙarfen ciki. A mota, bodin gaba ɗaya nagetif ne. Ranar da wannan jan ƙarfe ya taɓa bodi, batir zai tura wutar da ta fi ƙarfin siririyar wayar nesa ba kusa ba, ta yi ja, robarta ta kama. A samanta akwai katako da katifa. A kan katifar nan muka kwana uku.

Mutane da yawa suna ɗauka fis yana kare na'ura ne. Waya yake karewa. Shi ya sa ake sa shi kusa da inda wutar ta fito, kuma ake zaɓen wanda zai tsinke tun kafin wayar ta yi zafi. Duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fis ba ta da mai tsaronta.

A nan zan ɗan tsaya, don abin ya shafe mu duka. Mu mutane ne masu kara. Idan ɗan'uwa ya yi maka aiki kyauta, ba ka iya tsayawa a kansa ka ce ina fis. Da gareji Anti ta kai, da ta yi tambaya, da ta karɓi rasit, da ta koma ta yi faɗa. Amma aikin alfarma sai godiya. Ban ga laifin taimakon juna ba, da shi muke rayuwa a ƙasar nan, ni kaina kujerun ɗakina a motar wannan bawan Allah aka kawo su. Kuma irin haɗin da ya yi shi ne wanda muka tashi muna gani a wurin masu wayarin ɗin mota a gida, a murɗa a naɗe a ce tafi. Sai dai a ganina abin da ya shafi wuta da gas da birki, mai aikin ya daure a duba bayansa, mai motar kuma ta daure ta tambaya. Da na nuna wa Anti wayar, abin da ta fara cewa shi ne, "Don Allah kada ki gaya masa, zai ji kunya." Na ce, "Anti, idan ya haɗa wa wani fa?" Ta yi shiru.

To, ga yadda muka sake aikin, ga duk mai irin wannan mota ko mai niyyar sa wa tsohuwar motarsa kyamara.

Tambayar farko ita ce daga ina kyamarar za ta sha wuta, kuma yaushe za ta daina sha. Hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa ta da wayar fitilar ribas: ka sa giya, fitila ta kama, kyamara ta kama, ka cire, duka su mutu. Wasu kuma suna ɗaukowa daga batirin ɗaki su sa makunni, don su iya leƙa bayan mota da dare idan sun ji motsi. Wannan yana da amfani, amma ranar da aka manta makunnin an koma gidan jiya, sai dai wannan karon firji ne zai mutu. Mu mun zaɓi layin da ke kamawa idan an murɗa makulli kawai. A akwatin fis na gaba na nemo shi da mita: wanda ke nuna folt 12 idan makulli yana kunne, ya koma sifili idan an zare. Akwai ɗan abin da ake sayarwa wanda ake cusawa a gurbin fis ya ba ka sabon layi da nasa fis ɗin daban, ba sai ka yanke komai ba. Na sa mai amf 3, ya ishi allo da kyamara.

Wayar fitilar ribas ma da mita na nemo ta. Na kwance fitilar baya, Anti ta ja birkin hannu, ta kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, tana sa ribas tana cirewa, ni kuma ina taɓa wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Kada ku yarda da launi. Wani zai ce muku koriya ce, a motarku ta zama fara.

Sai da na gama wannan binciken sannan na kashe wuta gaba ɗaya kafin in taɓa almakashi. A irin wannan mota cire batir ɗaya bai isa ba. Na fara raba faifan sola da na'urar cajinsa, domin ita ba a son a bar ta da wutar rana alhali ba batir a jikinta, sannan na cire nagetif na batirin ɗaki, sannan na gaba.

Na yi kuskure ɗaya da ya ci mini awa guda. Don neman sauƙi na fara haɗa kyamarar kai tsaye da fitilar ribas. Inji a kashe, hoto tas. Da aka tayar, hoto ya fara rawa yana ɗaukewa. Dalili shi ne motocin zamani da yawa ba sa ba fitila wuta miƙaƙƙiya. Kwamfutar motar tana kunnawa tana kashewa da saurin da ido ba ya gani, tana kuma auna abin da fitilar ke ja don ta gane ko ƙwan ya mutu. Ƙwai bai damu ba, kyamara kuwa ta damu. Maganinsa rile ne, wani ɗan akwati da bai kai na ashana biyu ba, wanda ƙaramar wuta ke sa shi ya buɗe wa wata wutar hanya. Ƙafafunsa suna da lambobi. Lamba 86 ta tafi wayar fitilar ribas, 85 ta tafi bodi, 30 ta karɓi layin nan mai fis da na jawo daga gaba, 87 kuma ta ba kyamara. Yanzu aikin fitilar ribas kawai ta ce wa rile tashi, wutar da kyamara ke sha tana zuwa daga wani wuri mai tsabta. Daga 87 ɗin na haɗa siririyar jar wayar nan da ke manne da wayar hoto, ita ce ke komawa gaba ta gaya wa allo an sa ribas.

Jan waya daga gaba zuwa baya shi ya fi cin rai, domin wanda ya gina ɗakin ya rufe ko'ina da katako. Mun bi ta ƙarƙashin dabe da bayan kabad, Anti tana turo sandar labule da waya a ɗaure, ni ina jawowa. Duk inda za ta ratsa ƙarfe na sa roba, duk taku ɗaya na ɗaure ta don kada ta yi lilo. Na nisanta wayar hoto da manyan wayoyin cajin batirin ɗaki, saboda suna sa layi-layi a allo. Zuwa ƙofar baya kuwa sai ta cikin bututun robar da wayoyin motar suke bi, in ba haka ba buɗewa da rufewa zai tsinke ta. Baƙar wayar nagetif na ɗaure ta da noti a jikin bodi bayan na kankare fenti har ƙarfe ya fito. Yawancin hoton da ke rawa daga nan yake, an ɗaura nagetif a kan fenti ko tsatsa. Mahaɗan duka na matse su da 'yan kawunan da ake matsewa da filaya, na rufe da robar da zafi ke tsukewa. Salatif bai shiga aikin ba.

Wani zai ce me ya sa ba a sayi marar waya ba. Ita ma sai an ba ta wuta a baya, hoton kawai take aikawa ta iska, kuma a doguwar mota mai jikin ƙarfe yakan makara ko ya ɗauke. Hoton da ya makara da daƙiƙa ɗaya ba shi da amfani ga wanda yaro yake bayansa.

Abu biyu ga waɗanda ke Birtaniya. Ku sanar da kamfanin inshora duk wani canji da kuka yi wa mota, ko da kuna ganin ƙarami ne, kiran waya ɗaya ne. Sannan idan kun taɓa fitilar ribas ku tabbata kun bar ta tana aiki, domin a gwajin shekara-shekara na MOT ana duba ta ga motocin da aka fara hawa daga 1 ga Satumban 2009.

Da muka mayar da batura, na tsaya a baya ta hagu na ɗaga hannu, don mu tabbata hoton yana fitowa kamar na madubi, hagu a hagu. Sannan muka auna. Idon kyamarar yana da faɗi, yana sa abu ya yi kamar yana nesa alhali yana kusa, kuma layukan ja da kore da ke kan allo ba su san tsawon motarka ba. Na ajiye buta a mita ɗaya daga bayan motar, robar ruwa a mita biyu, Anti ta zauna ta haddace inda kowanne ya faɗo a allo. Butar da ke mita ɗaya, a ido sai ka rantse ta kai uku. Na kuma matsar da ita can kusurwa daf da bamba, ta ɓace ɗungurungum. Anti ta daɗe tana kallon allon. Ta ce ranar idi dai ko da kyamara sai wani ya sauka ya tsaya mata, wanda dama shi littafin dokokin hanya na ƙasar nan yake ba da shawara idan ba ka gani sosai.

Na sake sa mita bayan an zare makulli: 0.03. Batirin gaba dai ya riga ya ji jiki, ranar Alhamis za a canza shi.

Game da ɗan'uwanmu, a ƙarshe Anti ce ta kira shi da kanta, ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta kai ga maganar. Daren Lahadi sai ga kiransa a wayata. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Malama, wannan mitar taki, za ki iya ara mini ita zuwa jibi? Akwai wata kyamara da na sa a gaban motata." Na ce ya zo da motar, ya kuma taho da tocilarsa, tawa batirinta ya ƙare.